Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu shirya jarrabawar iya kwamfuta: aiki kuke gwadawa ko hadda?

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Wannan wasiƙar taku ce, ku da kuke zama ku tsara gwajin da ake yi wa mutane kafin a ɗauke su aiki ko a basu satifiket na cewa sun iya kwamfuta, da ku masu ɗaukar ma'aikata da kuke karɓo wannan gwajin ku ɗora wa mutane alhalin da yawanku baku taɓa zama kun yi shi da kanku ba ko sau ɗaya. Na daɗe ina so in rubuto ta ina ɗagawa, sai kwanan nan wani abu ya faru da naji in nayi shiru ban kyauta ba.

Ni aikina koyar da manya kwamfuta ne, waɗanda ba a haife su da ita a hannu ba, kuma na haura shekara goma ina yi. Akwai wata baiwar Allah cikin ɗalibaina, ita ba ma sabon shiga bace, shekararta tara tana aikin ofis, ita ke buga wasiƙu ita ke riƙe da lissafin ma'aikata a Excel, ƙaro ilimi kawai ya kawo ta wajena. Ta nemi wani aiki da yafi nata, akace sai tayi gwajin kwamfuta na minti 30. Tambaya ta farko wai ta kaurara kanun rubutun. Ta zaɓi layin ta danna Ctrl da B kamar yadda hannunta ya saba tsawon shekaru, shiru, ba abinda ya motsa. Ta sake dannawa, sai kawai abin ya rubuto mata cewa ta faɗi wannan, ya wuce ta gaba. Ta biyu akace ta kwafi wata jimla ta kaita ƙasa, ta danna maus ta dama don jerin zaɓin ya fito, nan ma ya ƙirga mata kuskure. Kafin ta gano cewa abin so yake lallai sai ta kai maus can sama ta taɓa ɗan hoton da aka tanada, tambayoyi sun tafi, lokaci ya tafi, hankalinta ma ya tashi. Bata ci ba. Da ta zo aji bata ce an cuce ta ba, abinda ta tambaye ni shine, Malam wai ashe duk shekarun nan ban iya ba?

Wannan tambayar ce ta hana ni barci, domin ta iya, wallahi ta iya, tafi wasu da suka ci gwajin nesa ba kusa ba.

Bari in faɗi abinda na san kun sani amma wanda ke zaune gaban sikirin bai sani ba. Da yawa daga irin wannan gwajin ba manhajar gaske ake buɗe wa mutum ba. Hoton manhajar ne aka ɗauka, aka sa wasu 'yan wurare a jikin hoton waɗanda in ka taɓa su sai a nuna maka hoto na gaba, kamar dai kana aiki amma ba aiki kake ba. Wanda ya haɗa abin hanya ɗaya ko biyu ya saka a ciki, waɗanda shi ya sani ko waɗanda littafin da ya duba ya faɗa, duk wata hanya bayan su kuskure ce a wajen injin. To a manhajar gaske kuma kusan duk abinda zaka yi yana da hanya uku ko huɗu ko fiye. Kwafi kaɗai, kana iya bi ta sama, kana iya danna maus ta dama, kana iya bin yanke ta kibod, kana iya riƙe Ctrl ka ja rubutun da maus ka ajiye inda kake so. Duka ɗaya suke kaiwa. Kuma abin takaicin, mai bin yanken nan shine wanda ya daɗe yana aikin, sabon koyo shi ke lalube ta sama yana karanta sunan kowane hoto. Kenan gwajin da kuka ce na tantance ƙwararru ne, ƙwararren yake fara kayarwa. Ku duba wannan da kyau dan Allah.

Akwai wani suna da na daɗe ina so a wannan fannin, wato lasisin tuƙin kwamfuta. A ƙasar Finlan aka fara shi a 1994, daga baya a 1997 aka kafa gidauniyar ECDL, wato gajeren sunan lasisin a Turai, a Dublin ya bazu Turai, yanzu duniya ta san shi da ICDL. Ban kawo shi don in zarge shi da komai ba, sunan ne ya ɗauki ma'anar da nake so ku tuna. In za'a gwada direba ai ba hoton mota ake bashi ba ace ya nuna inda birki yake da yatsa. Mota ake bashi, a hau titi dashi, a ga yadda zai yi in wani ya shigo masa ba zato, a ga zai duba madubi kafin ya sha kwana, a ga zai iya fakin ba tare da ya goge motar wani ba. Mai gwajin ba ruwansa da ko da hannun hagu ka kunna sigina ko da na dama, abinda ya dame shi ka kunna a lokacin da ya dace. To me yasa da aka zo kan kwamfuta sai aka koma tambayar da wane yatsa ka taɓa?

Sai maganar inda abubuwa suke zama a jikin manhaja, wanda shine rabin tambayoyinku. Ina ake samun kaza, a ƙarƙashin wane suna kaza yake. Ni na koyar a lokacin da Office 2007 ya fito, lokacin da aka kwashe tsohon jerin zaɓin nan na sama da mutane suka haddace aka kawo wannan faffaɗan layin mai cike da hotuna, na ga mutanen da suka yi shekara da shekaru suna buga rubutu sun tsaya suna neman inda ake firintin. A 2012 Windows 8 ya zo babu maɓallin farawa a kusurwar da kowa ya saba, aka yi ta ƙorafi har aka dawo dashi, a 2021 Windows 11 ya zo ya matso dashi tsakiya. Yanzu ma abin ya wuce nan tunda manhajoji da yawa ta intanet suke sabunta kansu, ka kwanta da abu a hagu ka tashi ka ganshi a dama. Duk wanda iliminsa na kwamfuta shine haddar inda abu yake to iliminsa yana da ranar lalacewa. Wanda ya tsira a duk canje-canjen nan shine wanda ya san me yake nema, ya san dole akwai hanyar yinsa, kuma baya tsoron lalubawa har ya samo. Wannan halin shine iya kwamfuta a wajena, kuma shine ainihin abinda gwajinku yake hukuntawa, domin duk lalube kuskure ne a wajen injin, taɓawa biyu ba daidai ba an wuce da kai.

Kuma har yau ina ganin tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu da ake cusawa a ciki, cikakken sunan RAM, nawa ne girman abinda faifan fulofi yake ɗauka. Fulofi fa, wanda kamfanin Sony ma ya daina yinsa tun 2011, yaran yanzu basu san shi ba sai a matsayin ɗan hoton da ake dannawa ayi sebin. Mai neman aikin karɓar baƙi ko shigar da bayanai me zai yi da wannan? Karatun aku ne kawai, ya haddace da dare ya juye da safe ya manta da yamma.

Abu na gaba shine wanda yafi ci mun rai, hana dubawa. An kulle intanet, an kulle wurin neman taimako na cikin manhajar, ba littafi ba tambaya. Ina so duk wanda yake karanta wannan cikinku ya faɗa wa kansa gaskiya, yaushe rabon da ya wuni yana aiki a kwamfuta bai nemi yadda ake wani abu a Google ko YouTube ba? Masu rubuta manhajar kansu dubawa suke yi kullum, ba abin kunya bane a wajensu, sana'ar kenan. Ni da nake koyarwa akwai fomulolin da sai na leƙa na tuna tsarinsu kafin in shiga aji, kuma ina faɗa wa ɗalibai hakan a fili don su san ba'a haddace kwamfuta. Sanin yadda zaka rubuta matsalarka a wurin bincike, ka tsallake amsoshin banza ka gane wacce ta dace da irin manhajar da ke gabanka, ka gwada ka ga tayi, wannan fasaha ce mai zaman kanta kuma ita ke raba ma'aikacin da zai riƙa kiran mutane kowane minti goma da wanda zai warware abinsa shi kaɗai. Kun cire ta daga gwaji gaba ɗaya. Kun gwada mutum a wani yanayi da bazai taɓa samun kansa a ciki ba ranar aiki.

Na san amsar da zaku bani, satar amsa. In an buɗe intanet wani zai tura wa abokinsa tambayar, yanzu ma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da zasu rubuto maka fomula cikin daƙiƙa. Gaskiya ne ban musa ba. Amma tambayar da za'a iya sace amsarta cikin daƙiƙa biyar ita ce mai matsalar tun asali. In ka ba mutum fayil mai datti, sunaye an maimaita wasu, kwanan wata an rubuta shi kala uku, wasu lambobin an shigar dasu a matsayin rubutu shi yasa jimla take ƙin fitowa daidai, kace ya gyara ya fito maka da adadin ƙarshe ya kuma yi maka bayanin abinda ya tarar, to ko ya duba intanet sai ya fahimci abinda yake yi kafin ya kai. In kuma ya duba ya gane ya gyara daidai cikin lokaci, ai shikenan, abinda kuke so ya riƙa yi a ofis kenan.

Ga agogo kuma. Ban ƙi a sa lokaci ba, aiki ma yana da lokaci. Amma akwai bambanci tsakanin ace ka gama wannan aikin cikin awa ɗaya da ace kowace tambaya daƙiƙa 60 lambobi suna ja da baya a kusurwar sikirin da jan launi. Na biyun ba iya kwamfuta yake aunawa ba, ƙarfin zuciya yake aunawa. Na ga dattijon da hannunsa yake rawa akan maus saboda agogon nan, mutumin da in ka barshi a nutse zai haɗa maka takarda tsaf ba kuskure ko ɗaya. Haka gwajin saurin bugu, da ake ƙirga duk taɓawa biyar a matsayin kalma ɗaya a ce kalma nawa kake yi a minti. Ga wanda aikinsa kwafe rubutu ne daga takarda zuwa kwamfuta wannan daidai ne a gwada shi. Amma yawancin masu aiki a kwamfuta yau ba kwafa suke ba, tunani suke suna rubutawa, abinda ke cin lokacinsu shine me zan ce ba ina harafin yake ba. Sai a kayar da mai hankali saboda ya gaza da kalma biyar a minti.

To wannan duk maganar ko gwajin yayi kama da aikin gaske ne. Maganar adalci kuma daban ce, kuma nan ne nake so ku ƙara nutsuwa.

Kun ɗauka kowa kwamfuta iri ɗaya ya taso da ita. Ba haka bane. Wanda ya koya a kibod ɗin Faransa harafin A da Q ba inda kuka saba suke ba, na Jamus Z da Y sun yi musanya. A Word na Faransanci Ctrl da G ne yake kaurara rubutu, a na Sifaniyanci Ctrl da N. A Excel sunan fomula kansa canzawa yake da harshe, abinda wani ya sani da SUM wani SOMME ya sani, kuma a ƙasashe da yawa ba waƙafi ake sawa tsakanin sassan fomula ba, waƙafi mai ɗigo ake sawa. Wani kuma duk rayuwarsa LibreOffice ya yi amfani dashi ko Google Docs ko kwamfutar Apple, ya iya aikin sarai, hotunan ne kawai ba inda ya saba ganinsu ba, kwana biyu zai yi ya saba in an ɗauke shi. Ga kuma miliyoyin mutanen da waya ce kwamfutarsu ta farko, suna tura imel suna cike fom suna gyara takarda suna haɗa taro ta bidiyo duk da babban yatsa, maus ne kawai baƙonsu. Ban ce kar a gwada su da maus ba in aikin na maus ne, amma a san cewa abinda suka rasa na sati ɗaya ne, kar a rubuta musu sakamakon da zai nuna kamar basu san komai ba.

Harshen tambayar ma wani shinge ne. Sau da yawa ɗalibi zai kasa tambaya, in na karanta masa ita na faɗa masa da baki abinda ake nufi sai yace au, wannan ne? ya yi shi nan take. Kenan Turanci ya kayar dashi ba kwamfuta ba. In Turancin kuke son gwadawa ku gwada shi daban ku kira shi da sunansa.

Masu buƙata ta musamman kuwa abin nasu yafi muni. Makaho yana aiki da kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanta masa abinda ke kan sikirin, irin su NVDA da JAWS, kuma da kibod yake komai baya taɓa maus, wasunsu saurinsu sai ya baka mamaki. Ka kawo masa gwajin da aka gina da hotuna, manhajarsa bata ga komai ba balle ta karanta masa, an rufe masa ƙofa tun kafin ya zauna. Wanda baya bambance ja da kore, kuma suna da yawa musamman cikin maza, ka ce masa ya danna akwatin da aka yi wa jan layi. Mai ciwon hannu da ke amfani da murya ko wani irin maus na daban. Duk waɗannan suna iya aikin, gwajin ne baya iya ganinsu.

Sannan akwai abinda kowa ya sani ba'a faɗa. Tunda gwajin hanya ɗaya ya sani, to wanda ya samu damar yin atisaye akan irin wannan gwajin sau goma zai ci ko da bai iya aikin ba, ya haddace inda ake taɓawa. Wanda bai samu wannan damar ba zai faɗi ko da shi ke riƙe da ofis. A Amurka tun 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power cewa gwajin ɗaukar aiki da yake tankaɗe wani rukunin mutane dole a nuna yana da alaƙa da aikin da za'a yi. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan dokar ba, amma ma'aunin mai kyau ne ko ba kotu, duk tambayar da zaku saka ku tambayi kanku, ranar aiki ina wannan zai fito?

Yanzu bari in juyo da maganar ta ɗaya gefen, abinda baku gwadawa. Don ba wai kawai kuna kayar da wanda ya iya bane, kuna kuma wucewa da wanda zai yi ɓarna. Manyan kurakuran da aka yi da kwamfuta a duniya ba daga rashin sanin inda ake canza launin rubutu suka fito ba. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa sakamakon kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna suna da korona, basu shiga lissafi akan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda layi 65,536 kawai yake ɗauka, da ya cika sauran suka zube ba wanda ya lura da wuri. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Reinhart da Rogoff, suka fitar da bincike akan bashin ƙasashe wanda 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja dashi, sai a 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu ya tarar fomular bata ja har ƙasa ba, ƙasashe biyar sun fita daga lissafin. Masana ƙwayoyin halitta kuwa sun sha fama da Excel yana mayar musu da sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata shi da kansa, har a 2020 aka haƙura aka canza wa wasu ƙwayoyin suna. Duk mutanen nan da an basu gwajinku da sun cinye shi tas. Abinda ya faru ba'a duba ba ne, ba'a tsaya an ce anya wannan adadin yayi kama da gaskiya ba.

To ina tambayar da take gwada wannan? Ina inda kuke ba mutum jadawalin da jimlarsa ba daidai ba ku ga ko zai lura? Ina inda kuke turo masa saƙon 'yan damfara mai kama da na banki ko na shugabansa ku ga ko zai danna? Ya san bambancin amsa wa mutum ɗaya da amsa wa kowa da kowa a imel kafin ya watsa sirrin wani? In ya goge fayil bisa kuskure ya san inda zai nemo shi? Yana ajiye kwafi a wani wuri? In firinta taƙi aiki zai duba waya da takarda da layin jiran bugu ko zai zauna ya naɗe hannu? In ya sa wa fayil suna, wani zai iya gane shi bayan wata shida? Wannan shine kwamfutar yau da kullum, shine abinda yake cinye wunin ma'aikaci, kuma da ƙyar nake ganin ɗaya daga ciki a gwajin da ɗalibaina suke zuwa su bani labari.

Kar ku ɗauka ina cewa a daina gwaji. A'a. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma na san halin da kuke ciki, kowa rubutawa yake a takardar neman aiki cewa ya ƙware a kwamfuta, wanda ya iya da wanda bai taɓa haɗa fomula ɗaya ba duk kalma ɗaya suke amfani da ita. Kuma rashin iyawar gaskiya ne ba ƙage ba. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki tayi wani babban bincike akan manya 'yan shekara 16 zuwa 65 a ƙasashe 33, yawancinsu ma ƙasashe masu arziki, aka tarar kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka kai matakin sama na warware matsala da kwamfuta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma ko gwajin a kwamfuta basu iya yi ba ko basu yarda sun yi ba. Abinda ya burge ni a wannan binciken irin ayyukan da suka bayar ne, ga tarin imel ka rarraba su, ga buƙatun mutane daban-daban na ɗakin taro ka tsara su kar su ci karo. Aiki ne mai kai da gindi, ba nuna mun maɓalli ba. Haka tsarin DigComp na auna iya kwamfuta na Tarayyar Turai da ya fito a 2013, cikin fannoni biyar da ya lissafa akwai tsaro akwai warware matsala, ba buga takarda kaɗai ba. Wasu jarrabawowin ma irin Microsoft Office Specialist a cikin manhajar gaske ake yinsu, a baka aiki ka yi. Kenan ba abu ne da ba'a taɓa yi ba nake roƙo, hanyar tana nan, sauƙi da arha ne suke sa ake komawa wancan na hotuna, saboda inji yana makinsa cikin daƙiƙa ba sai mutum ya zauna ya duba ba. Na fahimci wannan, mutum ɗari biyar sun nemi gurbi uku dole a rage. Amma sauƙin da kuka samu wani ne yake biyansa, kuma baku ganin fuskarsa, ni nake gani.

Abinda nake roƙo bashi da yawa. Ku ba mutum manhajar gaske da fayil na gaske ku duba abinda ya fito dashi a ƙarshe, ko ta sama ya bi ko ta yanke ba ruwanku. Inji ma yana iya duba fayil ɗin da aka gama ya ga kanun ya kaurara ko bai kaurara ba, ba sai ya bi sawun maus ba. Ku bar masa wurin neman taimako a buɗe, in kuna tsoron sata ku zaunar da mai sa ido ko ku tambaye shi da baki bayan ya gama, minti uku sun isa ka gane wanda ya yi da kansa. Ku je wajen wanda yake riƙe da kujerar yanzu ku tambaye shi me yake yi daga safe zuwa yamma, daga nan tambayoyin zasu fito. Kafin ku saki gwaji ku zaunar da mafi ƙwarewar ma'aikatanku su yi shi ba tare da sun san amsa ba, in suka faɗi to kun san ba masu neman aiki ne da matsala ba. Ku faɗa wa mutum tun kafin ranar wace manhaja ce, wane zubi ne, da wane harshe, ku bashi minti biyar na gwaji da ba'a ƙirgawa don hannunsa ya saba da kibod ɗin da ba nasa ba. Ku tambayi kowa ko yana buƙatar wani tanadi na musamman tun a fom, kar ku jira sai ya zo ya tsaya a ƙofa yana roƙo.

Sannan in mutum ya faɗi ku gaya masa inda ya faɗi. Wannan baiwar Allah da na fara da labarinta lamba ɗaya kawai aka turo mata, ba bayani, ba inda zata kai ƙorafi, ta rubuta imel tana tambaya ko za'a nuna mata tambayoyin da ta kasa har yau ba amsa. Ni na zaunar da ita na bata fayil mai datti irin wanda na faɗa a sama, ta gyara shi cikin minti 20 har ta gano wani suna da na maimaita ban sani ba. Yanzu an sake buɗe wani gurbin kuma gwajin iri ɗaya ne, ta ce in koya mata yadda ake cinsa, to sati biyu kenan ina zaune ina koya wa mace mai shekara tara a aiki ta cire hannunta daga kibod ta riƙa bin doguwar hanya da maus, ina ce mata kar ki danna ta dama, kar ki bi yanke, ki yi kamar yau kika fara. Ranar Litinin zata shiga.

Naku,
Mai koyar da manya kwamfuta